Yajin aikin jiragen ƙasa ya faɗo cikin satin hutunmu a Turai, in soke tafiyar ne?

Tambayar da Hajiya ta turo a taƙaice ita ce: ita da mahaifiyarta da yaranta biyu za su je hutun kwana 10, su sauka Paris su yi kwana 5, su hau jirgin ƙasa zuwa Milan, daga nan Rum, daga Rum kuma su tashi zuwa gida. An biya tikitin jirgin sama, an kama otal, biza ta fito, sai ga labari wai ma'aikatan jiragen ƙasan Faransa za su shiga yajin aiki a satin, wani kuma ya ce mata Italiya ma akwai nasu. Ta soke ne, ta ɗaga ne, ko yaya za ta yi?

Toh Hajiya, kafin komai ki ɗauke hannunki daga wayar nan, kar ki soke komai yau. Na yi shekaru ina shirya wa mutane tafiya a ƙasashen Turai, kuma wallahi asarar da na gani da idona a kan yajin aiki yawanci ba yajin ne ya jawo ta ba, mutum ne ya ga kanun labari cikin dare hankalinsa ya tashi ya soke tikiti da hannunsa, bayan kwana uku ƙungiya ta sasanta da kamfani aka janye, ko kuma aka yi yajin amma jirgin nasa yana cikin waɗanda suka tashi lafiya lau. Lissafin ba wuya: in kamfani ne ya soke, dole ya dawo miki da kuɗinki ko ya sa ki a wani jirgin. In ke kika riga shi, to ƙa'idar tikitinki ce za ta hau kanki, in kuma irin mai arahar nan ne da ba a mayar da kuɗi, shikenan sun tafi. Ki bari su fara sokewa.

Sannan yajin sufuri a can ba kasafai yake zama na sai baba ta gani ba. Yana da rana, yana da awa, yana da sunan waɗanda za su yi shi. Saboda haka abin da nake so ki nemo ba “za a yi yaji” ba ne, wannan kowa ya ji. Ki nemo su waye za su yi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma na kwana ɗaya ne ko wanda ake sabuntawa.

Bari in fara da Faransa tunda nan ne hankalinki ya fi tashi. Kalmar da za ki riƙa gani a allon tasha ita ce grève, wani lokacin kuma su lulluɓe ta su rubuta mouvement social, duk yaji ne. Ƙungiyar ma'aikatan da ke hidimar jama'a sai ta ba da sanarwa cikakkun kwana 5 kafin ta fara. Akwai kuma dokar 2007 da ta ce direba ko wani ma'aikacin da jirgi ba ya tafiya sai da shi, in zai shiga yaji sai ya faɗa wa kamfani awa 48 kafin ranar, shi kuma kamfani ya sanar da fasinjoji yadda zirga-zirga za ta kasance aƙalla awa 24 kafin. Kinga kenan kafin kwana biyun nan babu wanda ya san takamaimai jirgi kaza zai tashi ko ba zai tashi ba, har shi SNCF, kamfanin jiragen ƙasan Faransa. Duk wanda ya ce miki yau “jirginki ba zai tashi ba” shaci-faɗi yake. Yawanci masu tikitin TGV, wato jirgin ƙasa mai gudun tsiya, suna samun saƙo ta imel ko ta waya kamar kwana biyu kafin, na ƙananan jirage kuma ana fitar da jadawali da misalin ƙarfe 5 na yamma jajibirin ranar. Ki duba cewa imel da lambar da ke jikin tikitin naki ne, ba na wanda ya saya miki ba, wannan ƙaramin abu ya sha wahalar da mutane.

Su waye za su yi ɗin ma yana da muhimmanci sosai. Manyan ƙungiyoyin SNCF huɗu ne, CGT da UNSA da SUD-Rail da CFDT. In duka huɗun suka haɗa kai, to ki ɗauki abin da gaske. In ɗaya ce kawai ta ajiye sanarwa, sau da yawa ranar za ta zo ta wuce ba ki ma lura ba. Amma fa ba yawa ne kaɗai ba, wane aiki suke yi? A Kirsimetin 2022 masu duba tikiti ne suka yi yaji, amma TGV da yawa suka kwana a tasha saboda jirgin ba ya tashi ba tare da su ba. Ga kuma inda ya shafe ki kai tsaye: hanyar Paris zuwa Milan kamfani biyu ke binta, TGV na Faransa da jan jirgin nan Frecciarossa na kamfanin Trenitalia na Italiya, tafiyar wajen awa 7 ce daga tashar Gare de Lyon. In direbobi ko masu duba tikitin SNCF ne ke yaji, jirgin 'yan Italiya zai iya wucewarsa abinsa don ma'aikatansa daban ne. In kuwa masu juya layin dogo da ba da sigina ne suka ajiye aiki, to kowa ya tsaya, don kan dogo ɗaya duk suke gudu. Ki duba tikitinki ki ga na wane kamfani ne.

Kalma ɗaya ce in kika gan ta zan ce ki gyara zama: reconductible. Wato kullum ma'aikata za su taru su kaɗa ƙuri'a ko a ci gaba gobe. Irinsa ne aka fara ranar 5 ga Disamba 2019 kan batun fansho, ya haɗiye Kirsimeti ya shiga Janairun 2020, mutanen Paris suka koma tafiyar ƙafa da keke. A 2018 kuma sun yi wani salon, kwana biyu yaji kwana uku aiki, daga Afrilu har Yuni, amma shi wannan tun farko an buga kalandarsa, mai tafiya sai ya zaɓi ranarsa kawai. In naki na kwana ɗaya ne ko biyu, wallahi ba abin soke hutu ba ne, gyaran jadawali ne. Sai dai ki sani “kwana ɗaya” a bakinsu ya fi kwana ɗaya, sanarwar kan fara ne tun yammacin jajibiri ta kai har safiyar washegari, kuma ko an koma aiki jiragen ba sa inda ya kamata su kwana, don haka safiyar bayan yaji ita ma ba ta da tabbas.

Italiya kuma, abin dariya, sun fi yawan yaji amma nasu ya fi sauƙin sha'ani. Kalmarsu sciopero. Dokarsu ta 1990 ta ce sai an ba da sanarwar aƙalla kwana 10, akwai hukumar da ke sa ido a kai, kuma ma'aikatar sufuri tana da kalanda a intanet da ke jera duk yajin da ke tafe, da gari, da ɓangare, da awanni. Ki duba ta da kyau don sau tari abin da aka ce miki “Italiya na yaji” sai ki tarar direbobin bas ne na gari ɗaya da ba ya cikin tafiyarki, na awa huɗu. Sannan suna da awannin da doka ta kare, waɗanda dole a yi aiki ko ana yaji. Ƙananan jiragen ƙasa a ranakun aiki suna tafiya daga 6 zuwa 9 na safe da kuma 6 zuwa 9 na dare. Manyan masu dogon zango kuma Trenitalia na da jerin waɗanda ta ba da tabbacin za su tashi, ki nemi lambar jirginki a ciki, in ba ya ciki ki canza zuwa wanda ke ciki tun da sauran kujera. Milan zuwa Rum wajen awa 3 ne, kuma akwai kamfani na biyu mai zaman kansa, Italo, wani lokacin yajin bai shafe shi ba wani lokacin ya shafa. Bas da metiro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) na Rum suna aiki daga farawa zuwa 8:30 na safe, sai 5 zuwa 8 na yamma, na Milan kuma zuwa 8:45 sai 3 zuwa 6. Yajin jirgin ƙasa na ƙasa baki ɗaya sau da yawa daga ƙarfe 9 na daren jajibiri yake farawa zuwa 9 na daren ranar, kuma suna son Juma'a ƙwarai. Akwai ma lokutan da ba a yarda a yi yajin ba sam, kamar daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba da kwanakin Kirsimeti.

Yanzu mu ɗora wannan a kan tafiyarki. A cikin kwana 10 ɗin nan, motsi huɗu ne kacal ba su da makawa: daga filin jirgi zuwa otal a Paris, Paris zuwa Milan, Milan zuwa Rum, sai Rum zuwa filin jirgi ranar komawa. Sauran duk yawo ne, ana iya juya shi yadda aka ga dama.

Ranar sauka. In filin jirgin Charles de Gaulle ne, jirgin ƙasa na layin RER B ke shiga gari, kuma shi wannan layin rabinsa na arewa SNCF ke tuƙawa, na kudu RATP, kamfanin sufurin birnin Paris, ranar yaji sai su raba shi biyu a tashar Gare du Nord a ce kowa ya sauka ya canza jirgi. Ke da Mama da yara biyu da akwatuna, bayan tafiyar dare? A'a. Ki hau tasi, ko ba yaji ma shawarar da zan ba ki kenan. Ki bi alamar tasi har waje ki shiga layi, kuɗin shiga cikin Paris ƙayyadadde ne hukuma ta yanke, duk wanda ya tare ki a cikin ginin yana ce miki tasi tasi ki yi kamar ba ki ji ba. Ki ce wa mai tsara layin kuna son babbar mota. In filin jirgin Orly ne kuma kin huta, tun 2024 layin metiro na 14 ya kai har can.

Kwanakin cikin Paris su ne mafi sauƙi. Layin metiro na 1 da na 4 da na 14 ba su da direba, kwamfuta ke tuƙa su, saboda haka ranar yaji su ne ke aiki, sai dai cunkoso ba a magana a lokacin zuwa aiki da tashi, ki kauce wa 7 zuwa 9 na safe da 5 zuwa 7 na yamma. Layi na 1 shi kaɗai ya ishe ki yini guda, yana bi ta Champs-Élysées da Concorde da Louvre da Bastille. Na 14 kuma shi ne ke da lifta a kowace tasha, wanda don Mama wannan ya fi komai, don yawancin tashoshin metiro na Paris matakala ce zalla. Abin da za ki yi kawai ki kwashe tafiyar bayan gari daga ranar yajin, Disneyland tana kan RER A, fadar Versailles tana kan RER C, ki mayar da su wata rana, ranar yajin ki yi abin da ke kusa da otal. Amma wajen musanyar ki tuna gidan tarihin Louvre ba ya buɗewa Talata, Versailles ba ta buɗewa Litinin, kuma tikitin irin wuraren nan mai rana da awa ne, ki duba ko ana canzawa kafin ki ruguza jadawali. In yajin gama-gari ne ba na jirgi kaɗai ba, wuraren kallon ma kan makara buɗewa ko su rufe, a Fabrairun 2024 hasumiyar Eiffel ta yi kusan mako a rufe saboda yajin ma'aikatanta. Ki leƙa shafinsu da safe kafin ku fita. Zanga-zanga kuma yawanci bayan azahar ake yi, ta wajen République da Bastille da Nation, ana sanar da hanyar tun kafin, ki nisanta yara daga wurin musamman in ta zo ƙarewa, lokacin ne ake harba barkonon tsohuwa.

Paris zuwa Milan, nan ne ainihin maganar. In ranarki ta faɗa kan yajin, ki matsa gaba kar ki matsa baya, ina nufin ki tafi kwana ɗaya kafin. Dalili, duk wanda aka soke wa jirgi ranar yaji washegari zai nema, kuma irin jiragen nan ba a tsayuwa a ciki, kujera ta ƙare ta ƙare, samun kujera huɗu wuri ɗaya bayan yaji sai an dace. Kwana ɗaya da kika rage a Paris kin ƙara shi a Milan, ba ki yi asarar hutu ba, otal biyu kawai za ki rubuta wa. A irin wannan lokacin kamfanonin jirgin ƙasa kan buɗe canji da mayar da kuɗi kyauta na ranakun da abin ya shafa, shi ya sa na ce ki jira sanarwarsu. In kuma zuciyarki ba za ta iya jiran ba, ki sayi tikiti na biyu wanda ake mayar da kuɗinsa na ranar da ta gabata ki ajiye, in komai ya tafi daidai ki mayar da shi. Na fi son wannan dabarar a kan kowace.

Jirgin sama ma hanya ce, awa ɗaya da rabi ne, amma ki buɗe ido da masu arahar nan, wasu daga Beauvais suke tashi wanda ya fi kilomita 80 daga Paris, su sauke ki a Bergamo, wani gari daban da Milan, sannan kowane akwati da kuɗinsa, kafin ki farga arahar ta gudu. Bas irin su FlixBus yana zuwa amma ya haura awa 12, matashi mai jaka a baya ne zai iya, ban ba ki shawarar ki sa Mama a ciki ba. Hayar mota kuwa, a takarda tana da kyau, amma ɗauka a Faransa a ajiye a Italiya akwai caji mai nauyi, ga kuɗin hanya da na ramin da ke ratsa tsaunukan Alps, ga lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ga unguwannin tsakiyar biranen Italiya masu alamar ZTL da kyamara ke ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, tarar ta biyo ki bayan watanni. Kuma ranar da aka sanar da yaji motocin haya suna ƙarewa kamar an yi ruwa an ɗauke.

Sai batun jirgin sama da kansa, don wani lokacin yajin jirgin ƙasa yana zuwa tare da na masu ba jirage hanya a sama. Na Faransa shi ne mai ciwo, don ba jiragen da ke sauka a ƙasar kaɗai yake taɓawa ba, har masu ratsa samaniyarta, kamar yadda aka gani ranakun 3 da 4 ga Yulin 2025. Tun ƙarshen 2023 su ma doka ta sa su faɗa kwana biyu kafin, sai hukumar jiragen sama ta umarci kamfanoni su rage wani kaso na jiragensu, kuma kamfani kan fara yanke gajerun tafiye-tafiye ya bar masu dogon zango. A Italiya jiragen 7 zuwa 10 na safe da 6 zuwa 9 na dare dole su tashi. In komawarki ta Jamus za ta bi kuma, su can ba su da dokar kwana kaza, a Maris ɗin 2025 ma'aikatan filin jirgin Hamburg sun fara yaji kwana ɗaya kafin ranar da aka sanar, ranar Lahadi da safe, fasinjoji na tsaye da kaya.

Haƙƙinki a nan ki riƙe shi da kyau don ba za su karanto miki shi a kanta ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga filin jirgin Tarayyar ko na wane kamfani ne, da kuma wanda ke shigowa in kamfanin na Turai ne, kuma ba ruwanta da launin fasfonki. In an soke, ke ce mai zaɓi, a mayar miki da kuɗi ko a sa ki a wani jirgi. In kina can kina son komawa gida kar ki karɓi kuɗi, ki ce a nemo miki jirgi, don da kin danna karɓar kuɗi sun wanke hannunsu, tikitin ranar kuma ya ninka. Lokacin jira abinci da otal da motar kai ki otal duk a wuyansu ne ko waye ya jawo yajin. Diyya ce ta bambanta. Yuro 250 ko 400 ko 600 ga kowane fasinja gwargwadon nisa, ana biya in ma'aikatan kamfanin ne da kansu suka yi yaji, kotun Tarayyar ta yanke haka a 2018 ta kuma maimaita a 2021. In masu ba da hanya ne ko masu binciken kaya na filin jirgi, ba diyya, sai kulawa kawai. A jirgin ƙasa kuma in jinkiri ya kai minti 60 za a dawo da kashi 25 na kuɗin tikiti, in ya kai 120 rabi, kuma yajin ma'aikatansu ba uzuri ba ne. Akwai ma wata gaɓa da mutane ba su sani ba, in aka soke jirgin ƙasa aka yi minti 100 ba su ba ki wata hanya ba, kina iya hawa wani jirgin ƙasa ko bas su biya. Rasit dai, ki ajiye kowane rasit, ki ɗauki hoton allon da aka rubuta an soke.

Wani tarko kuma. Kar ki ce tunda abin ya rikice bari mu tsallake zango ɗaya na tikitin jirgin sama mu tare shi a gaba. In ba ki hau zango ɗaya ba, na'ura na soke duk sauran, har na komawa. Haka in kika yanke shawarar barin Italiya gaba ɗaya ki zauna Paris, tikitinki daga Rum yake tashi, sai an canza shi a hukumance. Na taɓa samun wani bawan Allah da ya yi wa kansa irin wannan gyaran bai tambayi kowa ba, ya isa kanta da iyalinsa aka ce masa babu sunansu, sai da ya sayi sababbin tikiti biyar a tsaye.

Abin da ya fi duk waɗannan damuna, wanda shafukan yawon buɗe ido ba sa kawo shi don masu rubuta su ba sa buƙatar biza, shi ne kwanakin da ke jikin bizarki. Ki buɗe fasfo yanzu. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin zama, kuma su biyun ba ɗaya ba ne. Sau da yawa ana ƙara kwana 15 a kan ranar ƙarewa don a ba ki damar matsar da tafiya, amma adadin kwanakin zama yana nan yadda yake, in an rubuta 10 to 10 ne, ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirgawa. In aka ba ki daidai kwanakin tafiyarki, soke jirgi ɗaya ya isa ya mayar da ke wadda ta wuce wa'adi, kuma tun Oktoban 2025 da aka fara rajistar shiga da fita ta na'ura da hoton yatsa, kwamfuta ce ke lissafin. Dokar bizar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ta yarda a ƙara wa'adi kyauta in abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya tsare shi, a Faransa ana zuwa ofishin gwamnati da ake kira préfecture, a Italiya hedikwatar 'yan sanda da ake kira questura, amma sai ki je kafin wa'adin ya cika, da takardar kamfani da ke nuna su suka soke. Don haka in bizarku ba ta da ko kwana ɗaya na rara kuma yajin ya zo daf da ranar komawa, ni da ni ne zan jawo komawar da kwana ɗaya in huta. Sannan ki duba ko shiga ɗaya aka ba ki. In haka ne kar ki yarda da wata sabuwar hanya da za ta fitar da ke daga yankin Shengen a tsakiyar hutu, Landan misali ba ta ciki kuma bizarta daban, Suwizalan kuwa tana ciki, za ki iya ratsawa ta Geneva ko Zurich zuwa Milan ba matsala. Ko wajen komawa in suka ce za su bi da ku ta wata ƙasa, ki tambaya ko fasfonku na buƙatar bizar ratse a can kafin ki amsa.

Inshora kuma kar ki dogara da wadda kika yi don neman biza, wannan ta asibiti ce, mai rufe aƙalla yuro 30,000, yawanci ba ruwanta da yaji. Mai rufe rikicewar tafiya daban take, kuma galibi sai in an saye ta kafin a sanar da yajin, wanda a wajenki wannan lokacin ya wuce. Ki dai duba katin bankin da kika biya da shi, wasu suna ɗauke da tasu.

Otal kuwa ki rubuta musu yau, ba don sokewa ba, ki ce akwai yaji ranar kaza, mai yiwuwa ku iso kwana ɗaya kafin ko ku iso cikin dare, akwai ɗaki? Ki samu amsar a rubuce. Su ma sun saba, kuma an fi samun sassauci in aka yi magana da otal kai tsaye tun da wuri fiye da ranar da kowa ke kira.

Daren ƙarshe dole ya same ku a Rum, ba a Milan ba, ba a hanya ba. In ranar tashinku ta zo daidai da yajin Italiya, jirgin Leonardo Express da ke zuwa filin Fiumicino daga tashar Termini cikin minti 32 yana daga cikin waɗanda ake ƙoƙarin tabbatarwa, wani lokacin su sa bas a madadinsa, amma da tsohuwa da yara ni zan ce ki kama ɗaki kusa da filin jirgin ku kwana can, ko ki sa otal ya tanadar miki mota tun jajibiri ku fita da rarar awa ɗaya a kan yadda kika saba, don ranar da ba bas ba metiro kowa motarsa yake fitowa da ita. Maganin Mama kuma ki ƙara na kwana huɗu ko biyar a kan lissafi, ki sa shi a jakar hannu tare da takardar likita, ba a akwatin da za a auna ba.

Ki turo min ainihin ranakun yajin da sunan ƙungiyar da ta kira shi, da kamfanin da ke jikin tikitin Milan ɗin, da adadin kwanakin da ke kan bizar, sai in gaya miki wace rana za ki matsar.